Tambaya ga likitoci: wace hanya ake bi a zama likitan dashen zuciya, kuma yaya aikin yake?

Baban Nana, Tawa

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ɗiyar wana ta samu bak D bana da sakamako mai kyau, ta kuma kafe sai likitanci. Likitancin ma wai fiɗar zuciya, irin ta waɗanda ke cire zuciyar da ta gaji su sa wata. Ubanta ya ɗora mini alhakin bincike, ni kuwa iyakata zanen zuciya da ke cikin littafin ƴan lakwal. Abin da nake biɗa shi ne: shekara nawa karatun ke ci, ina ake yin shi, kuma ana yin wannan aiki nan Nijar? Wanda ake ce ma babban likita a fannin, mi ya raba shi da sauran? Sannan shi aikin kansa, daga sa'ad da aka samu zuciya har a rufe ƙirji, yaya yake gudana? Ku yi mini dalla-dalla don Allah, kada ku sassauta, yarinyar da kanta za ta karanta.

Mai Almakashi, Yamai

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya sa albarka a karatun yarinya. Bari in fara da mai ɗacin: ba a dashen zuciya a Nijar, kuma babu makarantar da ake shiga daga bak a ce an zo koyon dashe. Dashe reshe ne can saman itace, gindin shi ne fiɗar ƙirji da zuciya da jijiyoyin jini. Wanda hannunsa bai faɗa da canja ƙyauren zuciya (ƴar ƙofar da ke hana jini komawa baya) ba, babu mai miƙa masa zuciyar mamaci ya ɗinka.

Matakin farko likitanci na kowa da kowa, a sashen kiwon lafiya na Jami'ar Abdu Mumuni nan Yamai, ko a Maraɗi, ko Damagaram. Shekara bakwai zuwa takwas ne har ta kare kundinta ta zama dokta. Daga nan sai karatun ƙwarewa da muke kira DES. A ƙasashe masu Faransanci na yankinmu, Dakar da Abijan ne suka yi suna a fiɗar zuciya: asibitin Fann a Dakar, da Cibiyar Ciwon Zuciya ta Abijan, wadda ke buɗe zuciya tun ƙarshen shekarun 1970. Ta ƙiyasta shekara biyar a nan. A Faransa DES ɗin fiɗar ƙirji da zuciya shekara shida ne. Da yawa kuma sukan fara da fiɗa ta gama-gari kafin su karkata, wannan ya ƙara wasu shekarun. Bayan haka dole ta fita inda ake dashen ta zauna shekara biyu zuwa huɗu. Likitocinmu sun fi shiga Faransa ta takardun ƙwarewa na baƙin likitoci, DFMS ko DFMSA, amma ga Afirka ta Kudu, ga Saudiyya, ga Maroko da Tunisiya da suka fara dashe a shekarun 1990. In ta haɗa lissafi, wadda ta shiga jami'a da shekara 18 za ta kusa 35 kafin a bar ta ta ja ragamar dashe ita kaɗai. Sai ta koyi Ingilishi tun yanzu, don kusan duk rubutun fannin da shi ake yi.

In hanyar jami'a ta bi, matakan CAMES ne, hukumar da ke ba malaman jami'a matsayi a ƙasashen Afirka masu Faransanci: mataimakiyar malami, sai mai matsayi na biyu, sai gasar agregasiyo da ake yi duk shekara biyu, sai farfesa cikakkiya. CAMES ɗin ma a nan Yamai aka yanke shawarar kafa ta a 1968, ko da yake hedikwatarta na Wagadugu.

Manyan fannin duk haka suka daɗe a hanya. Christiaan Barnard na da shekara 45 ranar 3 ga Disamba 1967 da ya yi dashen farko a duniya a asibitin Groote Schuur na birnin Kef a Afirka ta Kudu, majinyacin ya yi kwana 18 ciwon huhu ya ɗauke shi. Ɗinkin da ya yi amfani da shi kuwa Norman Shumway da Richard Lower ne suka tsara shi a jikin karnuka a jami'ar Stanford ta Amurka tun wajen 1960. Christian Cabrol ya yi na farko a Turai, a Pari, cikin Afrilu 1968. Barnard da Shumway da Cabrol, ukunsu sun ratsa ta Minesota ta Amurka wajen koyo. Magdi Yacoub ɗan Masar a Alƙahira ya yi likitanci, ya fara dashe a Harefield ta Ingila a 1980, daga baya ya koma gida ya kafa cibiyar zuciya a Aswan a 2009. Kuma kada wani ya ce mata ba aikin mace ba ne: Francine Leca ce mace ta farko mai fiɗar zuciya a Faransa, ita ta kafa ƙungiyar Mécénat Chirurgie Cardiaque a 1996, mai kai yaran ƙasashe irin tamu a gyara musu zuciya.

To, mi ya sa ake ce masa babba? Ba saurin ɗinki ba ne, matashi mai shekara 38 na iya fin shi sauri. Girman yana ga hukunci. Shi ke zama da likitocin zuciya da na barci da na ƙwayoyin cuta duk mako a tantance wa za a sa a jerin jira. Shi ake tasa da waya tsakar dare a ce ga zuciya a gari kaza, mai ita shekara kaza, ga abin da ekografi ta nuna, a cikin mintuna ya ce a karɓa ko a bari. In ya karɓi mai rauni, majinyaci ya mutu a hannunsa. In ya cika tsoro ya yi ta ƙi, majinyaci ya mutu yana jira. Kuma yawancin ranakunsa ba dashe yake yi ba: Faransa gaba ɗaya zuciya wajen 400 take dasawa a shekara, a cibiyoyi ashirin da ƴan kai. Sauran kwanakin ƙyaure yake canjawa, yana yi wa jijiyar da ta toshe ratse, yana tsaye bayan ɗalibi yana hana hannunsa karɓe allura. Aikin na cin jiki: tsayuwar awa shida zuwa takwas da madubin ƙara girma a ido, wuya da baya su ke fara ƙorafi. Barnard kansa amosanin gaɓɓai ne ya kama masa hannu har ya ajiye aiki a 1983.

Hajiya ta Reya, Yamai

Baban Nana, Dokta Mai Almakashi ya gama da karatu, ni bari in ɗauki daren aikin, don agogo ne sarki a wurin. Daga minti da aka datse jinin zuciya a jikin mamaci zuwa minti da jini ya sake shiga cikinta a ƙirjin majinyaci, awa huɗu ake so. Ana iya kaiwa biyar ko shida, amma kowace awa da aka ƙara haɗarin ƙin tashi take ƙarawa, balle in mai zuciyar ya manyanta. Ka auna da hanyarku: Tawa zuwa Yamai ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso kilomita wajen 550 ce. Ko mota ba ta tsaya ko'ina ba, lokaci ya ƙare kafin a hango Yamai, alhali ɗinkin kansa na cin kusan awa guda daga cikin huɗun.

Ƙungiya biyu ake rabawa. Ta farko ta tafi asibitin da mamacin yake, wanda ƙwaƙwalwarsa ta mutu amma inji na hura masa numfashi, zuciya na bugawa. Likita ya tsaga ƙashin ƙirji, ya kalli yadda take matsewa, ya bi jijiyoyin da ke ciyar da ita da ɗan yatsa yana laluben tauri kamar tsakuwa. In ya gamsu sai ya buga waya. Kafin wannan waya ba a yanka majinyaci, don akwai ranar da ake zuwa a tarar zuciyar ba ta yi ba, a sallami mutum ya koma gida da tasa. Sai a ba mamacin heparin wajen yunit 30,000 don kada jini ya daskare. Kafin a datse babbar jijiya ta awota, sai an buɗe wa jini mafita ta dama da ta hagu, in ba haka ba zuciya ta kumbura kamar salka, tsokarta ta miƙe, ta lalace tun ba ta bar wurin ba. Ana datsewa sai a ɗura mata ruwan tsayarwa mai sanyi, irin su Celsior ko Custodiol, lita ɗaya zuwa uku gwargwadon irinsa, a zuba ruwan ƙanƙara a kanta. Cikin daƙiƙoƙi ta yi laushi ta tsaya. Wajen yanka, wurin da ake taka-tsantsan shi ne inda babbar jijiyar sama mai dawo da jini ke shiga ɗakin sama na dama, nan ne ƙullin da ke kunna bugu yake. A sa ta a leda uku masu tsabta, ɗaya cikin ɗaya, da ruwa mai sanyin digiri 4, a akwatin ƙanƙara. Ƙanƙarar kada ta taɓa naman kai tsaye, ƙona shi take yi. Yanzu akwai injinan da ke ɗauke da zuciya da ɗuminta tana bugawa a hanya, suna tsawaita lokaci, sai dai tsada.

Ƙungiya ta biyu, inda babban yake, aikinta daidaita lokaci. Ana so a gama cire tsohuwar zuciya daidai da shigowar akwati. Ƙirjin da ba a taɓa buɗewa ba, ƙasa da awa guda ya isa. Wanda aka taɓa yi wa aiki, ko yake ɗauke da famfon taimakon zuciya, nama ya manne da ƙashi, sai a ƙara awa ɗaya ko biyu ana ɓanɓarowa a hankali, don zarto na iya faɗa wa zuciya ko awota. In an makara, sabuwar zuciya ta zauna a akwati tana jira, wannan laifin lissafi ne ba na kowa ba.

Majinyaci a ba shi heparin yunit 300 zuwa 400 a kowane kilo, a auna daskarewar jini, sai ta wuce daƙiƙa 480 a hau injin zuciya da huhu. Tiyo biyu a manyan jijiyoyin da ke dawo da jini, ɗaya a awota. A sanyaya jiki zuwa wajen digiri 32, wasu har 28. A cire tsohuwar, a bar bangon baya na ɗakin sama na hagu inda jijiyoyin huhu huɗu ke shiga. Duk wanda ya leƙa ƙirji a wannan lokaci ba ya mantawa: rami ne fayau, ga bakunan jijiyoyi a buɗe, inji na gefe yana ta juyawa.

Ɗinki biyar ne a tsarin da aka fi bi yau. Na farko ɗakin sama na hagu, da zaren roba mai lamba 3-0, kuma shi ya fi kowanne neman natsuwa, don yana can baya. In ya yi yoyo bayan zuciya ta cika tana bugawa, sai an ɗaga ta kafin a gan shi, ita kuwa ba ta son ɗagawa. Sai jijiyar ƙasa, jijiyar sama, jijiyar huhu da awota, da zare 4-0. Jijiyar huhu in an bar ta da tsawo lanƙwashewa take kamar tiyon ban ruwa, ɗakin dama ya yi ta turi a banza. Jijiyar sama in an ja zare da ƙarfi bakinta ya tsuke kamar na burgame, fuska da hannuwa su kumbura daga baya. In lokaci ya ƙure, babban kan ɗinka ɗakin hagu da awota kawai, ya saki jini, ya ƙarasa saura zuciya na bugawa. Kafin sakin, a ba da kotizon mai ƙarfi, metilpredinisolon miligiram 500 zuwa giram ɗaya, a sunkuyar da kan gado, a zuƙe iska. Iska ƙanƙanuwa in ta tsere, jijiyar dama ta zuciya take faɗawa don ita ce a sama, ko ta haura ƙwaƙwalwa.

Jini mai ɗumi na shiga, sau da yawa zuciya kan fara motsi da kanta, wani lokaci sai an ɗan buga mata lantarki. Ba a gaggawar sauka daga inji, ana barin ta ta huta a kansa, gwargwadon daɗewar da ta yi babu jini. A liƙa mata wayoyin bugu na wucin gadi, a ba da furotamin ya kashe heparin, a sa tiyon fitar da jini, a ɗaure ƙashi da wayar ƙarfe.

Abin da ya fi kashewa a kwanakin farko shi ne zuciya ta ƙi ɗaukar aiki cikin awa 24, musamman ɗakin ƙasa na dama. Dalili: majinyaci ya shekara da ciwo, jijiyoyin huhunsa sun yi tauri, ita kuwa sabuwar daga jikin mai lafiyayyen huhu ta fito, bangonta na dama siriri ne, bai saba da turin dutse ba. Maganinsa iskar nitirik mai buɗe jijiyoyin huhu, ta cikin injin numfashi, da magungunan ƙara ƙarfin bugu, a rage ruwa, in ya ƙi a ɗora majinyaci a injin ECMO, mai riƙe aikin zuciya da huhu, na ƴan kwanaki. Na biyu zubar jini: in tiyo na ba da fiye da mililita 200 a awa, awa uku ko huɗu a jere, a koma ɗakin fiɗa. Kuma tiyon da ya yi shiru kwatsam alhali tansiyo na faɗuwa ba albishir ba ne, toshewa ya yi, jini na taruwa yana shaƙe zuciya.

Baban Nana, Tawa

Hajiya, Allah ya saka da alheri, kin sa na ga abin kamar ina tsaye a wurin. Amma wani abu ya tsaya mini: in an rufe ƙirji lafiya, shi ke nan mutum ya warke? Kuma mi ya hana a kawo ƙwararre daga waje ya yi a babban asibitinmu na Yamai, tunda muna da gine-gine da injuna?

Ɗan Labo, Yamai

Malam, ranar da aka rufe ƙirji ranar ce aka buɗe littafin. Jiki na ganin sabuwar zuciya a matsayin baƙuwa, zai yaƙe ta har abada. Shi ya sa bayan ɗokin 1968, da aka yi dashe wajen ɗari a duniya yawancinsu suka mutu cikin watanni, asibitoci da yawa suka janye. Abu biyu suka farfaɗo da fannin: ɗebo ɗan naman zuciya ta jijiya don a duba, wanda Philip Caves ya tsara a Stanford a 1973, da maganin sikulosporin da ya shiga kasuwa a farkon shekarun 1980.

Yau magani uku ake haɗawa: takrolimus sau biyu a rana, awa 12 tsakani, mikofenolat giram ɗaya zuwa ɗaya da rabi sau biyu, da kotizon da ake ragewa sannu a hankali. Takrolimus ba a shan shi da ka, sai da awo. A ɗebi jini da safe kafin a sha, a watannin farko ana son nanogiram 10 zuwa 15 a mililita, daga baya 5 zuwa 10. Ya yi ƙasa, jiki ya far wa zuciya. Ya yi sama, ƙoda ta ƙone, hannu ya kama rawa, suga da tansiyo su hau. Ga tarkon da ya shafe mu kai tsaye: rifampisin na maganin tarin fuka yana sa hanta ta cinye takrolimus da sauri, awo ya faɗi warwas, mutum na shan maganinsa daidai amma kamar bai sha ba. Wasu magungunan kuwa, irin su fulukonazol da eritromisin, da lemon pampalemus, ɗaga shi suke yi. Zawo ma na ɗaga shi. Jiƙo da sassaƙe da ba a san abin da ke ciki ba, babu su ke nan.

Ɗebo naman kuwa ta jijiyar wuya ta dama ake zura ɗan hantsaki har ɗakin ƙasa na dama, a tsinko gutsure uku zuwa biyar, kowane bai kai ƙwayar gero biyu ba. Duk mako a watan farko, sai a riƙa nisantawa. Mai duba nama a madubi ya ba shi daraja daga 0R zuwa 3R. Daga 2R ake ɗura kotizon mai yawa kwana uku. Ana yin haka ne don ƙin karɓa ba ya sallama, mutum na iya jin garau alhali ana cin zuciyarsa.

Kuma zuciyar da aka dasa ba ta da jijiyoyin saƙo, an yanke su. Tana bugun 90 zuwa 110 a minti a zaune. In mutum ya tashi gudu ba ta hanzarta nan take, sai ta jira sinadarin da ke cikin jini. Atropin, maganin da ke hanzarta bugu, ba ya mata aiki. Mafi muni, in jijiyoyinta suka tsuke, abin da ke samun kusan rabin masu dashe kafin shekara goma, yawanci ba a jin ciwon ƙirji, sai dai a riƙa duba su da hoto lokaci-lokaci. Ƙari kan haka garkuwar jiki a danne take: ana ba da kotirimokzazol da balgansikulobir a watannin farko don rigakafi, kuma masassarar da wani zai sha farasetamol ya kwanta, shi sai asibiti a ranar. A ƙididdigar duniya, wajen 85 cikin ɗari ko fiye na kai shekara guda, kuma rabi na wuce shekara 12.

Wannan ya amsa tambayarka ta biyu. Baƙon likita zai ɗinka ya hau jirgi bayan mako. Wa zai auna takrolimus ranar Lahadi ya ba da sakamako a yinin? Wa zai karanta naman? Wa zai tabbatar maganin bai yanke a farmasi ko na kwana uku ba, shekara ashirin a jere? Ga bankin jini da zai fitar da leda goma ko fiye a dare ɗaya, da labo mai auna dacewar garkuwa, da gurup da ke tashi cikin daƙiƙoƙi in wuta ta ɗauke. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Malam Na-Ader, Tawa

Ɗan'uwa Baban Nana, ƴan Yamai sun yi bayani mai kyau, amma sun tsallake mafarin abin: zuciyar daga ina? Ƙoda ɗan'uwanka mai rai na iya ba ka ɗaya. Zuciya sai daga mamaci, mamacin ma wanda ya cika a reya, ɗakin kulawa mai tsanani, inji na riƙe da shi. Don haka kafin almakashi sai doka: wa ke tabbatar da mutuwar ƙwaƙwalwa, ta wace hanya, wa ke neman yardar dangi, wa ke riƙe da jerin jira don kada mai kuɗi ya tsallake talaka. A Faransa, bayan gwajin likita da gwajin cire injin numfashi, sai an yi awon lantarkin ƙwaƙwalwa sau biyu, minti 30 kowanne, awa huɗu tsakani, ko hoton da ke nuna jini ba ya shiga kai. Likitocin da ke tabbatarwa kuma ba su cikin masu dashe, kuma hukuma ce ta ƙasa ke raba gaɓoɓin, ba likitan ba. Ta fuskar addini, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta karɓi mutuwar ƙwaƙwalwa a zamanta na Amman a 1986, ta halatta ɗaukar gaɓa daga mamaci da izininsa ko na magada a zamanta na Jidda a 1988, ta haramta sayarwa. Akwai malaman da ba su gamsu ba har yau, kuma a garin da ake wanka a binne kafin la'asar, zancen ba ƙaramin zama yake so ba.

Na kuma ɗan saɓa wa Dokta a kan cewa girman babba na ga karɓar zuciya ko ƙin ta. Rabi ke nan. Ɗaya rabin shi ne ƙin majinyaci, kuma ya fi wuya, don ido cikin ido ake yin shi. Ana sa mutum a jeri ne in magani ya gaza, awon iskar da jikinsa ke ja wajen motsi ya faɗi ƙasa da mililita 14 a kilo a minti, ko 12 in yana shan maganin rage bugu. Amma in taurin jijiyoyin huhu ya wuce yunit 5 na ma'aunin Wood ya ƙi sauka da magani, ba a yi, saboda abin da Hajiya ta faɗa na ɗakin dama. Ciwon daji na kusa, cuta mai ci a jiki, ƙoda ko hanta da suka lalace, ƙiba mai yawa, taba, shekaru sama da 70, duk suna iya rufe ƙofa. Haka wanda ba shi da mai kula da shi, ko aka san ba ya riƙe magani. Sannan rukunin jini ya dace, kuma mai bayarwa kada ya gaza mai karɓa nauyi da fiye da kashi 30 cikin ɗari.

Ita kuwa ɗiyarmu, ta san irin zukatan da za ta tarar in ta dawo. Na ɗaya ƙyauren da ciwon maƙogwaro na yarinta ya cinye: yaro ya yi ta miƙi a wuya ba a ba shi penisilin ba, gaɓɓai su kumbura, bayan shekaru ƙyauren hagu ya tsuke ko ya riƙa yoyo, sai ka ga budurwa ƴar 17 ba ta iya ɗauko tulu daga rijiya sai ta tsaya sau uku. Allurar benzatin penisilin, yunit miliyan 1.2 duk mako uku zuwa huɗu, ke tsayar da ɓarnar, in ta riga ta yi nisa sai fiɗa. Na biyu ciwon zuciyar jego, wanda aka yi bincike a kansa sosai a Zariya da Yamai, inda aka danganta shi da kunun kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya kan gadon wuta, a Yamai kuma aka ga ƙarancin sinadarin seleniyom a jinin masu shi. Wasunsu na warkewa da magani cikin wata shida, waɗanda ba su warke ba su ne a Turai ake sa wa a jerin dashe. Na uku tansiyon da aka bari shekara da shekaru har zuciya ta buɗe.

Wajen zaɓen ƙyaure ma akwai hukuncin da littafin Turai ba zai yanke mata ba. Na ƙarfe yana daɗewa, amma sai maganin tsinka jini har ƙarshen rai, da awon tsinkewar jini na INR aƙalla duk wata, kuma maganin na cutar da ɗan tayi. Na naman dabba ba ya son wannan magani, amma a jikin matashiya ƙasa da shekara goma yana iya ƙeƙashewa, a sake buɗe ƙirji. Yarinyar da ke ƙauyen bayan Abalak, wadda za a yi wa aure baɗi, labo mafi kusa kuma yini guda ne a mota, wanne za a sa mata? Shi ya sa in ta je Dakar ko Pari, ta nace wa koyon gyaran ƙyaure maimakon canji, ta kuma nemi a sa ta a ɗakin ekografi da wajen mai tuƙa injin zuciya da huhu, ko da ba a rubuta su a takardar sitaj ɗinta ba.